LISTA: Rumbun binciken da ya kamata jami'in gwamnati ya leƙa kafin ya rubuta wa maigidansa shawara

Wata ranar Alhamis da yamma wani abokina da muka yi jami'a tare, wanda yanzu yake mataimaki ga wani ɗan majalisar tarayya, ya kira ni cikin damuwa. Kwamitin da maigidansa yake ciki zai saurari wata hukuma da ke neman a ware mata kuɗi don ta mayar da tsofaffin fayilolinta cikin kwamfuta, an kuma umarce shi ya kawo takardar bayani mai shafi uku kafin safiyar Litinin: me ya kamata a tambayi hukumar, ina aka taɓa yin irin wannan aiki, kuma me ya biyo baya. Ya ce tun azahar yake fama da Google, amma abin da yake samu bai wuce tallan kamfanonin da ke sayar da na'urori da manhajoji ba, sai labaran bukukuwan ƙaddamarwa. Ya neme ni ne bisa zaton cewa wanda sana'arsa gyaran rubutu ce a jarida ba zai rasa sanin inda ake tono bayani ba. Ban sani ba. Iyakar abin da na iya shi ne raka shi, washegari kafin lokacin masallaci, wurin wata dattijuwa da ke riƙe da ɗakin karatu na wata ma'aikata, ɗakin da akasarin ma'aikatan ginin suke wucewa kullum ba tare da sun taɓa tura ƙofarsa ba.

Da ta gama sauraronsa, tambaya ɗaya ta yi masa: "Malam, hoton takardu suke so su ɗauka, ko tsarin ajiyar bayanai suke so su gina?" Abokina ya ce, "Hajiya, ai na ɗauka abu ɗaya ne." Ta juyo masa da fuskar kwamfutarta, ta buɗe wani rumbun bincike mai suna LISTA.

Batun ya wuce matsalar mutum ɗaya. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack wadda ta kama aiki a watan Agustan 2024, ya sanya ƙarshen Disambar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da aiki da takarda. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa kowace hukuma ta adana bayanan ayyukanta, ta kuma amsa buƙatar mai neman bayani cikin kwana bakwai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara wani nauyin a kan duk wanda ke riƙe da bayanan mutane. Kowace daga cikin waɗannan takan sauka a ƙarshe a kan teburin wani mataimakin darakta ko wani hadimi da aka ce ya rubuta shawara. Idan shawarar ta ginu a kan tallan ɗan kwangila, kuɗin jama'a ne za su tafi, kuma fayil ɗin wani mai jiran fansho ne zai ɓace a karo na biyu, wannan karon a cikin na'ura.

Fanni ne mai zaman kansa

Abin da da yawa daga cikinmu ba mu lura da shi ba shi ne, adana bayanai da nemo su ilimi ne da ake yi wa digiri har zuwa na uku, yana da malamansa da mujallunsa. A Najeriya Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da shi a 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa ta kafu tun 1962, hukumar da ke yi musu rajista kuma dokar 1995 ce ta samar da ita. Mutanen wannan fanni sun shafe shekaru suna rubutu a kan tambayoyin da abokina ya tsinci kansa a ciki: yadda ake rarraba fayiloli, tsawon lokacin da ya dace a ajiye kowane irin takarda, da abin da ke faruwa ga bayanan kwamfuta bayan shekara ashirin.

LISTA fihirisar waɗannan rubuce-rubuce ce. Kamfanin EBSCO na Amurka ne ke tafiyar da ita, tana tattara bayanin maƙalolin ɗaruruwan mujallu, da littattafai da rahotannin bincike, tun daga tsakiyar shekarun 1960. Ga kowace maƙala za ka ga sunan marubuci, mujallar da ta fito, shekara, taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki, da jerin kalmomin fanni da aka liƙa mata. Tana da 'yar'uwa mai kama da suna, LISA, wadda aka fara a Birtaniya a 1969, yanzu kuma take hannun ProQuest. Bambancin da ya shafi ma'aikacin gwamnati shi ne kuɗi. LISA sai cibiyar da ta biya kuɗin shiga. LISTA kuwa EBSCO ya bar nau'inta na fihirisa da taƙaitaccen bayani kyauta ga duk mai intanet. Nau'in da ke ɗauke da cikakkun maƙaloli ne kawai ake biya. Duk wanda ya nemi sunan LISTA tare da EBSCO zai isa shafin.

Mai karatu na iya tambaya: me wannan zai yi mini wanda Google Scholar ba zai yi ba? Google Scholar, wanda ya fito a 2004, yana da amfani ƙwarai, ni ma kullum ina cikinsa. Sai dai shi komai da ruwanka ne, yana kwaso duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi daga kowane fanni, ba ya kuma bayyana jerin mujallun da yake dubawa. A LISTA an riga an tace, an ware fanni ɗaya, an kuma yi wa kowace maƙala lakabi da kalmomi na bai-ɗaya. Wannan lakabin shi ne dukiyar.

Yadda ake tambayar rumbun

Kuskuren farko da abokina ya yi, ni ma da shi zan yi, shi ne rubuta doguwar jimla a akwatin nema kamar yana magana da mutum. Rumbun ba jimla yake karantawa ba, kalmomi yake daidaitawa. Dattijuwar ta sa shi ya ajiye kwamfutar, ya ɗauki biro ya fasa tambayarsa gida uku: wane aiki, a wace irin hukuma, a wace ƙasa. Ƙarƙashin kowane gida kuma ya jera duk kalmomin Turancin da marubuci zai iya amfani da su, tunda akasarin abin da ke rumbun da Turanci yake.

Daga nan sai haɗawa, da ƙananan kalmomi uku da suka samo asali daga lissafin George Boole, masanin Ingila na ƙarni na 19. OR tana faɗaɗawa: ka ba ni wannan ko wancan. AND tana matsewa: sai maƙalar da ta ƙunshi duka biyun. NOT tana fitarwa, kuma ita ce mai haɗari, domin takan yi awon gaba da maƙala mai kyau don kawai ta ambaci kalmar da ka kora sau ɗaya. A shafin nema mai zurfi akwai layuka da yawa, don haka kowane gida ya samu layinsa: kalmomi masu ma'ana ɗaya a haɗa su da OR a cikin layi, layukan kuma a ɗaure su da AND. A layin farko abokina ya sa "records management" OR digiti*, a na biyu "public sector" OR government OR "civil service", a na uku Nigeria* OR Africa*.

Alamomi biyu ke aiki a nan. Alamar zance tana tilasta wa rumbun ya nemi kalmomin a jere kamar yadda aka rubuta su, ba a warwatse ba. Tauraron da ke ƙarshen kalma kuma yana nufin "da duk abin da ya biyo baya". Wannan ƙaramin abu ne mai babban tasiri, domin Turawan Ingila da na Amurka ba su yarda da juna ba a kan rubutun kalmar: wasu da harafin s suke rubuta ta, wasu da z, marubutan Najeriya kuma suna amfani da duka biyun. Wanda ya rubuta ɗaya kawai ya bar wani kaso na abin da yake nema a baya, ba tare da ya sani ba. Amma a kula da inda aka yanke kalmar. Wanda ya sa tauraro bayan Niger zai kwaso Najeriya da Jamhuriyar Nijar da Neja-Delta gaba ɗaya. Wani lokaci hakan ake so, galibi kuwa ba shi ba ne.

Sakamakon farko ya yi yawa, kamar yadda aka saba. A nan ne ta nuna mana dabarar da na fi ɗauka daga wannan zama. Kada ka fara karanta jerin daga sama. Nemo maƙala ɗaya tak da ta yi daidai da buƙatarka, ka buɗe bayaninta, ka dubi kalmomin fannin da aka liƙa mata. Waɗannan su ne sunayen da rumbun kansa ya san batun da su. Ka kwafe su, ka sake nema, amma wannan karon ka gaya wa rumbun ya duba su a gurbin maudu'i kawai, ba a ko'ina ba. Maƙalar da ta ambaci gwamnati a wucewa za ta faɗi, wadda gwamnati ce ainihin batunta za ta tsaya. Ta haka abokina ya gano cewa abin da yake kira da suna ɗaya, masana sun raba shi: ɗaukar hoton takarda daban, sarrafa bayanan da aka haifa a kwamfuta daban, kiyaye su na dogon zamani kuma wani reshe ne na uku mai nasa rubuce-rubucen.

Sauran tacewar ba ta da wuya. Akwai wurin zaɓar maƙalolin da masana suka tantance kafin a buga, akwai kuma wurin taƙaita shekaru. A batun manhaja da na'ura, shekaru goma na baya-bayan nan sun isa. A batun ƙa'idar ajiya kuwa, tsohuwar maƙala ba ta lalace ba.

Abin da karatun ya canza

Cikin sa'a guda da karanta taƙaitattun bayanai, takardar abokina ta sauya fuska. Ya ci karo da ma'aunin ƙasa da ƙasa na sarrafa bayanai, ISO 15489, wanda aka fitar a 2001 aka sabunta a 2016, abin da za a iya tambayar kowane ɗan kwangila ko tsarinsa ya dace da shi. Ya fahimci cewa hoton takarda da ba a yi masa bayanin shaida ba, wato wa ya rubuta, yaushe, a kan me, a wane fayil, tamkar buhun da aka jefa cikin sito ne babu alama. Idan rajistar ma'aikata a hargitse take a kan takarda, na'urar ɗaukar hoto hargitsin za ta kwafe da aminci. Ya kuma ga dalilin da ya sa ake yin jadawalin ajiya kafin a taɓa na'ura: babu ma'ana a biya kuɗin ɗaukar hoton takardar da tuni lokacin zubar da ita ya yi, wadda kuma ta cancanci ajiyar dindindin tana da gidanta a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, mai rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna.

Akwai misalin da mutanen wannan fanni suke yawan kawowa. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan wasu faya-fayai na zamani, don cikar shekara 900 da rubuta kundin ƙidayar dukiya na Domesday na 1086. Ba a yi shekara ashirin ba na'urorin da ke karanta faya-fayan suka yi ƙaranci, har sai da masana suka yi aikin ceto na musamman. Kundin asali da aka rubuta a kan fata kuwa yana nan ana karanta shi. Irin wannan darasi ne ya sa aka samar da nau'in PDF/A a 2005 domin ajiyar dogon lokaci. Duk wanda ya taɓa neman bayanin da aka ajiye a kan tsohon faifan kwamfuta a ofishinsa ya san abin bai tsaya ga Turawa ba.

Kusa da gida kuma, neman ya kai shi ga ayyukan International Records Management Trust, cibiyar da Anne Thurston ta kafa a Landan a 1989, wadda ta yi aiki da gwamnatocin Gambiya da Ghana da Tanzaniya da Saliyo a kan fayilolin ma'aikata da na albashi. Ga ƙasar da ta fara tsarin albashi na IPPIS tun 2007 domin maganin ma'aikatan bogi, wannan ba labarin nesa ba ne: tsarin kwamfuta yana dogara ne da ingancin fayil ɗin da aka ɗebo bayanin daga ciki.

Inda rumbun ya gaza

Zan yi rashin adalci idan na bar mai karatu da zaton LISTA ta isa. Gazawarta ta farko a fili take: nau'in kyauta taƙaitaccen bayani kawai yake bayarwa. Jarabar da ke nan ita ce mutum ya kafa hujja da layuka takwas da ya karanta, alhali bai ga yadda aka yi binciken ba. A wurin aikinmu na jarida wannan daidai yake da rubuta labari daga kanun wata jaridar. Taƙaitaccen bayani na zaɓe ne, ba na kafa hujja ba. Cikakkiyar maƙalar kuma sau da yawa tana samuwa idan an bi: a nemi takenta a Google Scholar ko a gani akwai kwafin da marubucin ya ajiye a rumbun jami'arsa, a duba E-LIS, ma'ajiyar kyauta ta wannan fanni da aka buɗe a 2003, a tambayi laburaren ma'aikata ko ya yi rajista da Research4Life, shirin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallu kyauta ko da rahusa, wanda ofisoshin gwamnati ma suna cikin masu iya nema. Idan duk an rasa, a rubuta wa marubucin. Malamin jami'a ba kasafai yake ƙin tura maƙalarsa ga wanda ya nuna yana so ya karanta ba.

Gazawa ta biyu ta fi ciwo. An gina manyan rumbunan nan ne a kan mujallun Amurka da Turai, rubutun Afirka da ke cikinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ake bugawa. Wanda ya tsaya a LISTA zai iya cewa ba a yi bincike a kan rajistar ma'aikatun Najeriya ba, alhali an yi, a mujallun da ba su shiga fihirisar ba. Maganin wannan shi ne AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda yanzu ake gudanarwa daga Afirka ta Kudu, Najeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. A can ake samun Nigerian Libraries, da Samaru Journal of Information Studies ta Zariya, da mujallar ESARBICA ta masu adana tarihi na gabashi da kudancin Afirka. Injin nemansa bai kai na EBSCO ƙwarewa ba, don haka dabara ita ce a koyi kalmomin a LISTA, a ɗauko su a shiga da su AJOL.

Sai batun inganci, wanda dole a faɗe shi ko da ba daɗi. Ƙarin girma a jami'o'inmu ya rataya ne a kan yawan maƙaloli, sakamakon haka akwai tarin rubuce-rubuce masu kama da juna: an raba takardar tambayoyi ga ma'aikatan wuri ɗaya, an gano ƙarancin kuɗi da rashin wutar lantarki da rashin horo, an ba da shawarar gwamnati ta ƙara kuɗi. Ba ƙarya ba ne, amma bai ƙara wa ɗan majalisa komai a kan abin da direbansa ya sani ba. Mujallar Library Philosophy and Practice, da ake samu kyauta a rumbun Jami'ar Nebraska, cike take da marubutan Najeriya, akwai masu kyau a ciki sosai, akwai kuma na cika lissafi. Fihirisar Scopus ta daina ɗaukar ta a 2021. A ganina tambayoyi uku sun isa a tace: mutum nawa ko ofis nawa aka bincika, an je an ga tsarin yana aiki ko ra'ayi kawai aka tambaya, kuma an yi binciken ne lokacin ƙaddamarwa ko bayan shekaru. Maƙalar da ta koma ta duba aiki shekara biyar bayan an yanke kyalle ta fi goma da aka rubuta a makon bikin.

Abokina ya tambayi abin da kowa zai tambaya yanzu, ko ba zai fi sauƙi a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi duk wannan ba. Tana taimakawa wajen jero kalmomin nema da sassauta Turancin maƙala mai tauri. Sai dai takan ƙago sunan maƙala da marubuci da shekara waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, cikin salo mai gamsarwa. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago. Hadimin da ya miƙa wa maigidansa irin wannan, aka kuma karanta a zaman kwamiti gaban 'yan jarida, shi ya san inda zai kwana. Duk abin da manhajar ta ambata a koma LISTA ko AJOL a tabbatar yana nan.

Mun tashi daga ɗakin karatun ana kiran sallar farko, da jerin maƙaloli bakwai a hannun abokina, huɗu daga ciki mun samu cikakkunsu. Takardar da ya miƙa ranar Litinin ba ta ce a ba hukumar kuɗin ko a hana ta ba. Tambayoyi ta jera: shin hukumar tana da tsarin rarraba fayiloli da jadawalin ajiya da aka amince da su, wa zai rubuta bayanin shaidar kowace takarda, kuma an sa kuɗin wannan a kasafin, a wane nau'i za a ajiye hotunan, a hannun wa bayanan za su kasance idan kwangilar kamfanin ta ƙare, nawa za a riƙa kashewa kowace shekara bayan an gama, kuma me za a yi da takardun asali. A ƙasan shafi na uku ya ƙara ta bakwai da biro, wadda dattijuwar ta faɗa masa muna bakin ƙofa: a tambayi hukumar ko akwai ma'aikacin laburare ko na adana bayanai ko da guda ɗaya a cikin kwamitin da ya tsara aikin.